Yadda Ake Tsara Lambar Mota Da Kwamfuta Za Ta Iya Gano Kuskurenta

Lambar mota a Najeriya tana da haruffa uku a farko, alƙaluma uku a tsakiya, sai haruffa biyu a ƙarshe, tsarin da hukumar FRSC ta fito da shi a 2011. Haruffan farko suna nuna inda aka yi rajista, kamar KJA na Ikeja. Haruffa biyu ba za su isa wannan aiki ba, domin 26 sau 26 yana ba da 676 ne kawai, alhali ƙananan hukumomin ƙasar 774 ne.

A ɗauka an ba matashi mai rubuta manhaja aikin ƙirƙiro sabon tsarin lamba ga 'yan adaidaita sahu a jiha mai ƙananan hukumomi 44 kamar Kano. Matakai uku zai bi.

Na farko, ya cire haruffan da ke rikita ido. O tana kama da 0, I da 1, B da 8, S da 5, Z da 2, Q kuma da O. Idan aka cire shidan nan, saura 20. Ingila ma ba ta amfani da I da Q a tsarinta na yanzu da ya fara a 2001.

Na biyu, ya lissafa yawan lambobin da tsarin zai ɗauka tun kafin a buga ko ɗaya. Haruffa biyu daga cikin 20 suna ba da 400, sun wadaci ƙananan hukumomi 44. Alƙaluma huɗu suna ba da 9,999, wanda zai iya ƙarewa a ƙaramar hukuma mai cunkoso. Ƙarin harafi ɗaya a gabansu zai kai adadin 199,980.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa: alƙalamin tantancewa. Irinsa ne a ƙarshen lambar katin ATM da lambar IMEI mai alƙaluma 15 da waya ke nunawa idan aka danna *#06#. Hanya mai sauƙi ita ce wadda ake bi a lambar zane-zanen da ke jikin kayan kanti: a ninka alƙaluman da 1 da 3 bi da bi, a tara, a ga nawa ya rage a cika goma ta gaba.

Misali 4735. An samu 4, 21, 3 da 15, jimla 43. Saura 7 a kai 50, don haka lambar ta zama DL-A4735-7. Idan jami'i ya rubuta 4375 cikin gaggawa, jimlar za ta koma 35, abin da ya rage 5 ne ba 7 ba. Nan take manhaja za ta ƙi karɓa, maimakon tara ta faɗa kan direban da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Hanyar tana da rauni: idan alƙaluman da aka juya suna da tazarar 5, kamar 7 da 2, ba za ta gano ba. Mai son gwadawa zai iya saka lissafin a Google Sheets a wayarsa, ya juya 4725 zuwa 4275, ya ga dukansu sun ba da 8.