Darasi na Tara: Koyar da Labarin Gaskiya ta Hanyar Wasanni

9.1 Gabatarwa

Labarin gaskiya rubutun zube ne da ake ginawa a kan abin da ya auku, tare da sunaye da wurare da lokuta tabbatattu. Malamin Hausa da aka tura koyarwa a Daura ko Mai'aduwa ko Zango ko Baure ko Sandamu zai tarar da ɗalibansa sun saba da gidajen kallon ƙwallo, sun kuma haddace sunayen 'yan wasa. Wannan sha'awa tasu ƙofa ce ta koyarwa. A wannan darasi za a yi amfani da zaman Ahmed Musa a ƙungiyar Leicester City domin nuna yadda ake rarrabe gaskiya da ra'ayi.

9.2 Matanin Nazari

An haifi Ahmed Musa a Jos a shekarar 1992. Ya yi suna a Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a gasar Nijeriya ta kakar 2009/2010. Daga nan ya koma VVV-Venlo ta ƙasar Holan, sannan a 2012 ya tafi CSKA ta birnin Mosko, wadda ya ci kofin gasar Rasha da ita sau uku.

A watan Yulin 2016 Leicester City, wadda ta lashe gasar Firimiya ta Ingila a waccan shekarar, ta saye shi a kan kimanin fam miliyan 16. A lokacin ba ta taɓa sayen ɗan wasa da tsada haka ba. Tun kafin a fara kaka ya ci Barcelona ƙwallo biyu a wasan sada zumunta, sai magoya baya suka ɗora masa dogon buri.

Sai dai al'amarin bai zo yadda aka zata ba. Wasa 21 ya buga a gasar Firimiya, ya ci ƙwallo biyu kacal. A watan Fabrairun 2017 aka sallami Claudio Ranieri, mai horarwar da ya kawo shi, waɗanda suka gaje shi kuwa ba su cika sa shi a wasa ba. A Janairun 2018 aka ba da shi aro ga CSKA. A watan Yunin shekarar ya ci Iceland ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya a Rasha, kana a watan Agusta aka sayar da shi ga Al-Nassr ta Saudiyya. A 2021 ya sake sanya rigar Kano Pillars.

9.3 Gaskiya da Ra'ayi

Duk abin da ke cikin matanin nan ana iya bincikarsa a tabbatar, wato gaskiya ke nan. Amma idan ɗalibi ya rubuta cewa Ahmed Musa bai iya ƙwallo ba, ko kuwa an zalunce shi a Ingila, to ya shiga fagen ra'ayi, kuma wajibi ne ya kawo hujja.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Saboda haka malami zai ja hankalin ɗalibai su nemi dalilai. A lokacin Leicester tana da Jamie Vardy da Riyad Mahrez da Shinji Okazaki, waɗanda suka ci mata kofi, ga kuma Islam Slimani da ta saya bayan zuwan Ahmed Musa a kan kuɗin da ya fi nasa. Gurbi ya yi kaɗan, ga sauyin masu horarwa. Ɗan wasan da ke zaman benci kuwa ba ya samun damar gyara kuskurensa a fili.

Akwai hannunka-mai-sanda ga malami a nan. Mutumin da ya kasa tasiri a Leicester shi ne ya haskaka a gaban duniya cikin 'yan watanni. Haka yaron da ya dusashe a wani aji yake iya farfaɗowa idan aka sauya masa dabarar koyarwa. Bai kamata a yanke wa ɗalibi hukunci da sakamakon zango ɗaya ba.

9.4 Keɓaɓɓun Kalmomi

Kalmomin ƙwallo iri biyu ne. Akwai na aro, kamar gola da fenariti da kwana da koci. Akwai kuma ƙirƙirarru, kamar mai tsaron gida da bugun daga kai sai mai tsaron gida da bugun kusurwa da mai horarwa. Malami zai nuna cewa na biyun sun fi dacewa da rubutu cikin daidaitacciyar Hausa.

9.5 Jinga

1. Fitar da jimloli biyar na gaskiya daga matanin, sannan ka rubuta biyu na ra'ayi tare da hujjojinsu.
2. Tattara kalmomin ƙwallo goma da ake ji a gidajen kallo na Daura, ka rarraba su zuwa na aro da ƙirƙirarru.
3. Tsara darasin minti 40 ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a kan wannan matani.