Tsohuwar Amalanken Ruwa ta Baba

Tambaya: Malam, na gaji tsohuwar amalanke mai duro biyu daga mahaifina a Azarori. Shekaru tana ajiye a bayan gida. Ina so in tashe ta in riƙa ɗebo ruwan sha. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Fara da duron kafin taya. Buɗe murfin ka shinshina. In ya taɓa ɗaukar fetur, gas ko maganin ƙwarin albasa, ka bar shi ga ban-ruwan lambu. Wanki ba ya fitar da wannan dafi daga jikin ƙarfe. Kada kuma ka bari mai walda ya sa masa wuta, tururin man da ya rage yana iya fashewa.

In duron ruwa ne tun asali, kankare tsatsar, cika shi, ka bar shi ya kwana a kan busasshiyar ƙasa. Da safe danshi zai nuna maka inda yake yoyo. Tiyo da kan famfo kuwa ka sayi sababbi a kasuwar Madawa, tsohuwar roba ta riga ta tsattsage. Sai ka wanke ciki da jabel, ka ɗauraye sosai. Kwalarar 2021 ta shafi jihar Tawa, ina roƙonka kada ka tsallake wannan.

Ka tuna, duro mai lita 200 nauyin kilo 200 ne na ruwa kaɗai. Duba gatarin ƙafafun da kyau, ka tausaya wa jakin da zai ja amalanken, musamman a rairayin kwarin Tarka.