DARASI: Masu gadin da Allah Ya aza bisa ƙofofin jiki

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya kyautata halittarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan karo ya shafi wata ɓoyayyar ni'ima. Kullum muna shaƙar ƙura, ƙuda na sauka bisa abincinmu, ƙaya na sukar ƙafafunmu, amma mafi yawan kwanaki muna wayar gari lafiya. Mene ne dalili?

Ku sani kariyar jiki iri 2 ce. Akwai wadda ke koyon gane cuta bayan ta haɗu da ita, ita ce allurar rigakafi ke horarwa, kuma tana ɗaukar kwanaki kafin ta shirya. Akwai kuma wadda ake haihuwar mutum da ita, mai tare maƙiyi tun a bakin ƙofa. Cikin makaman ta biyun akwai wasu ƙananan sinadarai da masana ke kira peptid. Kowane ɗaya jeri ne na ƙwayoyin furotin kamar ƴaƴan tasbaha bisa zare, galibi daga 12 zuwa 50.

Yadda aka gano su

A shekara ta 1981 Hans Boman na ƙasar Suwidin ya bayyana irinsu a jikin wani ƙwaro. A 1985 aka ciro wasu daga fararen ƙwayoyin jinin mutum, aka sa musu suna defensin. A 1987 Michael Zasloff na Amurka ya bayyana wasu daga fatar wani kwaɗon Afirka. Ya lura cewa kwaɗin da yake yi wa tiyata, in ya mai da su cikin ruwa mai dauɗa, raunukansu na warkewa ba tare da ruɓa ba. A 2001 masana a Jamus suka samu wani cikin gumin ɗan Adam. Akwai su kuma cikin miyau da hawaye da hanji da hanyoyin numfashi.

Yadda suke aiki

Fatar ƙwayar cuta na ɗauke da cajin lantarki mai kishiyantar na peptid, sai ta jawo shi kamar yadda mayen ƙarfe ke jawo allura. In ya manne sai ya huda ta, abin da ke ciki ya tsiyaye kamar salkar da ƙaya ta soke, ta mutu. Fatar ƙwayoyin jikinmu kuwa ba ta jawo shi haka, sai ya wuce ta. Wasunsu ma suna kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin rauni. Tsarki ya tabbata ga wanda Ya koya wa makami rarrabe ɗan gida da baƙo!

Abin da ya wajaba a kanmu

Na farko, jiki amana ne. Mu tsare fata daga tsagewa lokacin hunturu, mu wanke rauni da ruwa mai tsabta da sabulu. Mu ciyar da yara wake da ƙwai da nono, domin da furotin jiki ke ƙera waɗannan makamai.

Na biyu, wannan gadi yana da iyaka. In rauni ya kumbura yana ɗiya, ko zazzaɓi ya tsananta, a tafi gidan likita. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Na uku, mu bar sayen kafso hannun masu talla, mu sha guda 2 mu aje. Wannan ɗabi'a na sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. An ƙiyasta cewa irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019. Wanda ya ɓata magani ya cuci maƙwabcinsa da zai buƙace shi gobe.

Allah shi ƙara mana lafiya, shi sa mu cikin masu godiya. Amin.