BARGAR DOKI TA DA, DA ABIN DA MANOMI ZAI KOYA

A tsofaffin gidajen sarauta na ƙasar Kankiya da Kusada, in mutum ya wuce zauren farko ya kan tarad da fili kafin ya kai cikin gida. Nan barga take, watau wurin ɗaure dawaki. Magabata sun sa ta nan ne don maigida ya ga dokinsa duk sa'ad da ya shiga ko ya fita, ɓarawo kuwa sai ya bi ta zaure kafin ya kai gare shi. A fada har sarauta aka yi domin barga, ita ce Shamaki. Katsinawa kuwa ba a gaya musu darajar doki, gama Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, da ɗansa Usman Nagogo sun shahara wajen kiwon dawaki da wasan folo.

Ginin ba wuya. A kan kafa turke a kan tudu, a zuba rairayi, a yi rumfa ko ɗakin tubali mai rufin ciyawa inda doki zai fake da damina. Ciyawa ba ta riƙe zafi, rairayi kuwa yana shanye fitsari, kullum safiya a kwashe a sake sabo. Abin da aka kwashe taki ne mai kyau.

A Ingila masu manyan gonaki da jan bulo suka yi nasu, kowane doki da ɗakinsa, misalin ƙafa 12 kowane gefe, da ɗakin ajiye keken doki a kusa. Sanyi ne ya sa su rufewa haka. Wanda ya kwaikwaye su a nan, ya yi ɗaki ƙanƙane da rufin kwano ba taga, to, ya gasa dabbarsa da bazara. Daɓen siminti kuma, in ba a karkata shi ba, fitsari ya kwanta, kofato ya ruɓe, ga santsi.

Yanzu dawaki sun ragu, shanun huɗa sun yi yawa, amma ka'idar ba ta sake ba. A ɗaga rufi iska ta ratsa, kada ƙofa ta dubi gabas inda hadari ke tasowa. Harawa a ɗora ta bisa rumfa nesa da murhu. Amalanke da garma su ma a yi musu inuwa, gama rana tana cin taya, ruwa kuwa yana sa ƙarfe tsatsa.