Karatu a Ƙasar Turai

A kudancin kogin Kaduna akwai babbar tashar jirgin ƙasa, inda hanyar Ikko ta haɗu da ta Fatakwal. A zamanin da, ɗalibai da yawa na Arewa ta wannan tasha suka bi zuwa Ingila neman ilmi. Jirgin ƙasa ya kai su Ikko, daga can su shiga jirgin ruwa. Sai sun yi wajen mako biyu a kan teku kafin su sauka Libaful.

Cikin 1945 aka aika da waɗansu malaman makaranta na Arewa zuwa Jami'ar Landan, su ƙaro sanin hanyoyin koyarwa. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikinsu. A 1946 Malam Aminu Kano ya bi sawunsu.

Zaman Turai ba wasa ba ne ga baƙo. Sanyinsu ya fi na hunturunmu nesa ba kusa ba. Cikin watan Disamba, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi a Landan. Babu tuwo, babu fura, ga kewar iyaye. Ɗalibin da ya sa wasa a gaba yakan komo hannu wofi, ya ba danginsa kunya. Mai haƙuri kuwa shi kan dafa dutse.

Me ya sa aka sha wannan wahala? Ga misali. A da, audugar da aka noma a Funtuwa da Gusau sai a kai ta Ingila a saƙa, sa'an nan a komo mana da yadi mu saya. Cikin 1957 aka buɗe masaƙa a Kakuri, amma da fari Turawa ne ke kula da injunanta, don 'yan ƙasa masu wannan sani ba su da yawa. Ƙasar da ba ta da masana, kullum tana jiran baƙi. Shi ya sa Gwamnatin Jihar Arewa ta riƙa biya wa samari kuɗin karatu a waje.

Malam Abubakar ya komo gida ya ci gaba da aikin ilmi a Bauci. A 1957 ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Amfanin ilmin da aka ɗebo daga nesa, a kawo shi gida kowa ya sha.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya ɗalibai ke zuwa Ingila a da?
2. Faɗi wahala uku da baƙo ke sha a Turai.
3. Don me aka riƙa aika samari karatu waje?