Yadda Ake Haɗa Sabulun Wanke-Wanke A Gida

Tokar da ake kwashewa daga murhu kowace safiya ba shara ba ce. Uwargidan da ke sayen sabulun wanke-wanke a Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal cikin Bauchi tana iya rage wannan ɗawainiya da ita.

A shimfiɗa ciyawa cikin tukunya mai huda a gindi, a cika ta da tokar itace ko ta karan dawa, a zuba ruwa ya tsiyaya. A tafasa ruwan tokar ya ƙafe, har in ya huce ɗanyen ƙwai ya taso a kansa. Sa'an nan a mai da shi wuta, a riƙa zuba man gyaɗa, ko manja, ko man kaɗe kaɗan-kaɗan, ana juyawa har ya yi kauri. Kaifin toka ne ke mai da mai sabulu.

Amma a kula. Ruwan toka yana cin tukunyar dalma, sai a yi da ta ƙarfe. Yana kuma ƙona fata da ido. Kada a zuba shi cikin kwalbar lemo, kada a ajiye shi inda yaro zai kai hannu.