Darasi: Me Ya Sa Ƙyauren Katako Yake Cijewa Da Damina?

A watan Agusta, lokacin marka, magidanci a Yargoje yakan tashi da asuba ya tarar ƙyauren ɗakinsa ya cije. Sai an sa kafaɗa yake buɗewa. Da hunturu kuwa, ƙyauren nan dai shi ne zai saki, har a riƙa hango waje ta tsakanin katako. Wasu sukan zargi kafinta. Sau da yawa ba laifinsa ba ne.

Katako yana shan laimar da ke cikin iska. In iska ta yi danshi, sai ya kumbura. In ta bushe, sai ya tsuke. Ta faɗi yake kumbura, ba ta tsawo ba. Shi ya sa gefen ƙyaure ne yake cijewa.

Ba ruwan sama kaɗai ke kawo laima cikin ɗaki ba. Randa ma tana kawowa. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska ta kwashe shi. In zai tafi, sai ya tafi da zafi, ruwan ciki ya yi sanyi. Haka gumi yake sanyaya jikin manomi. Da wannan dabara Malam Muhammad Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana tumatir da gauta. An ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

To, ina ruwan da ya fita daga randa yake zuwa? In ɗaki a rufe yake, cikin iskar ɗakin yake zama, katako ya sha rabonsa. Haka ma ruwan da ake yayyafa wa daɓe da bazara. A Ostareliya akwai gidaje masu daɓen katako da ake sanyayawa da na'urar hura iska ta jiƙaƙƙen abu. In ba a buɗe taga ba, daɓen yakan kumbura ya karkace.

Don haka kada a jingina randa da ƙyaure ko ƙafar gado. A ajiye ta inda iska ke ratsawa. Nan ma ta fi sanyi. Katakon da ya daɗe cikin danshi, gara ce ke fara gano shi.

Mai sayen katako a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya nemi busasshe. Ɗanye ya fi nauyi a hannu, kuma in hunturu ya buga sai ya tsage. Wajen fenti a shafa ko'ina, har ƙasan ƙyauren da ake mantawa.

Babban kuskure shi ne a sa kafinta ya kankare ƙyaure da yawa da marka. Ranar za a ji daɗi. Amma a watan Janairu kafa za ta bayyana, ƙura da sanyi da kunama su sami hanya. A ce masa ya rage kaɗan, daidai wurin da ke gogar dogari kawai.